Fili A Gidan Waya, Sa Hannu A Kaduna

Duk wanda ya baro Arewa ya zo neman abinci Ikko ko Badun ko Fatakwal, in ka tambaye shi babban burinsa, da wuya ya wuce ya kafa gida nasa na kansa a garinsu, inda zai koma ya huta ran da ƙarfi ya ƙare. Saboda haka ne mai gadi a Apapa da mahauci a Agege da ɗan dako a Sabon Badun suke ƙuntata wa cikinsu, suna aika 'yan kuɗi gida wata-wata, yau a buga bulo, gobe a sayi kwano. Kullum muka zauna hira kukanmu ɗaya ne, watau tsadar siminti da rodi. Amma akwai wata tsada da ba mu cika sa ta a lissafi ba, ita ce ta takardar fili, kuma ita wannan gwamnatin jiha ce ke yanka farashinta.

Mu ɗauki Gidan Waya, a Ƙaramar Hukumar Jama'a ta Jihar Kaduna. Tun da Kwalejin Ilimi ta jiha ta zauna a can, garin ya cika da ɗalibai da malamai masu neman ɗakin haya, gonakin bakin hanya kuwa suka zama fulotai. Wani ɗan'uwana, direban babbar mota a nan Ikko, ya sayi fuloti a can hannun wani manomi, aka rubuta takarda, mai unguwa da shaidu suka sa hannu. Ya yi gini har ya kai linta, sa'an nan kuɗi suka yanke. Da ya nemi rance a banki don ya rufa, aka ce masa takardar da ke hannunsa ba ta jinginuwa. Damina biyu ke nan ruwa na dukan bangon. Ba wanda ya cuce shi. Doka ce kawai ba ta san da zaman takardarsa ba.

Asalin maganar yana cikin Dokar Amfani da Ƙasa, watau dokar soja mai lamba 6 ta ran 29 ga Maris 1978, wadda gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa. Sashe na 1 ya danƙa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna bisa amana. Abin da mutum ke samu izinin zama ne, galibi na shekara 99. Filin birni Gwamna ke bayarwa, na ƙauye kuwa Ƙaramar Hukuma, amma sashe na 3 ya bar wa Gwamna ikon faɗin inda birni ya fara da inda ya ƙare. Sashe na 22 ya hana mai takardar Gwamna ya sayar ko ya jinginar sai da yardar Gwamna, kuma a 1989, cikin shari'ar Savannah Bank da Ajilo, Kotun Ƙoli ta rushe wata jingina don ba a nemi wannan yarda ba. Tun daga nan bankuna suka shiga taitayinsu. Har ila yau, sashe na 36 ya hana a yanka gonar ƙauye fuloti-fuloti a sayar, alhali kuwa ta wannan hanya ce akasarinmu muke samun fili.

Wani zai ce ai wannan dokar Tarayya ce, mene ne laifin jiha? Gaskiya ne, kuma an cusa ta cikin Tsarin Mulki na 1979 da na 1999, shi ya sa gyara ta ke da wuya. Ko marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda ya kafa kwamitin gyaran dokokin ƙasa a 2009 a ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, bai kai ga gyaran ba. To amma dokar wuƙa da nama ta ba jiha. Kuɗin safiyo, kuɗin rajista, kuɗin neman yarda, harajin fili na shekara-shekara, da tsawon lokacin da takarda za ta kwana a kan tebur, duk jiha ke tsara su. A 2003 ma Kotun Ƙoli, cikin ƙarar da Jihar Legas ta kai Gwamnatin Tarayya, ta tabbatar cewa tsara birane da ba da izinin gini hurumin jihohi ne. Ashe ke nan mai neman sauƙi Kaduna zai dosa, inda Gwamna da Majalisar Dokoki suke.

Ba za mu ƙi faɗin alheri ba. Dokar da ta kafa hukumar KADGIS a 2015, zamanin Gwamna Nasiru El-Rufa'i, ta tattara aikin filaye wuri ɗaya, aka shigar da bayanai cikin kwamfuta, abin da ke rage sayar da fuloti ɗaya ga mutum uku. Izinin gini na hukumar KASUPDA shi ma yana da dalili, domin ba mai son a toshe magudanar ruwa ko a yi gini a kan hanya. A yankin da rikicin ƙasa ya sha cin rayuka, takarda sahihiya garkuwa ce. Sai dai garkuwar da talaka ba ya iya ɗauka, mai hali kaɗai take karewa. Kamfanin gine-gine yana da lauya da akawu masu bin takarda, kuma duk abin da ya kashe zai ɗora a kan farashin gida. Mai ɗakunan haya zai ɗora wa ɗalibi. Wanda ke gina wa iyalinsa kuwa ba shi da wanda zai ɗora wa, sai ya haƙura da takardar mai unguwa, ya zauna cikin fargaba. Birkila da kafinta su ma aikinsu ya tsaya.

Saboda haka muna kira ga Majalisar Dokokin Jihar Kaduna da abu uku. Na ɗaya, a rubuta wa'adi cikin doka: wanda ya cika sharuɗɗa, in kwana 90 suka wuce ba amsa, a ɗauka an yarda. Na biyu, a bambanta mai fuloti ɗaya na zama da mai gina rukunin gidaje, a sassauta wa na farko, a bar shi ya biya kashi-kashi. Na uku, a riƙa zuwa gari-gari ana auna filaye gaba ɗaya, da hakimai da dagatai a wurin, a mai da takardun gargajiya na hukuma, maimakon kowa ya ɗauko safiyo da kuɗin aljihunsa.

Mu kuma 'yan ci-rani akwai namu. Tun ran gini ran zane: kafin ka aika kuɗin bulo, aika a bincika ko filin yana cikin wani shiri na gwamnati, domin in aka karɓe shi don amfanin jama'a, diyyar gini da shuka doka ta sani, ba ta kuɗin da ka ba mai gona ba. Ƙungiyoyinmu na 'yan gari, da ke taruwa duk wata don biki da jana'iza, su sa wannan magana cikin ajanda, su rubuta wa ɗan majalisarsu, su kuma tambaye shi ran da ya zo neman ƙuri'a. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya sa guminmu na Kudu ya zama inuwa a gida, amin.