Kalmar "limply" ba ta da takwara guda a Hausa

Kusan duk shekara, idan na ba da aikin fassara, sai na ci karo da ɗalibin da ya mayar da "his arm hung limply" zuwa "hannunsa yana ɗingishi". Hannu kuwa ba ya ɗingishi. Kuskuren yana da tushe: Turanci na da "limp" guda biyu masu rubutu ɗaya. Ta farko aikatau ce, ma'anarta ɗingishi. Ta biyu sifa ce, tana nufin abin da ya rasa tauri da ƙarfin tsayawa da kansa, kuma daga ita aka samo bayanau "limply" ta hanyar ɗafa-ƙeyar "-ly". Wanda ya yi karatu da Faransanci, a Nijar ko Kamaru ko Chadi, ya tuna da "mollement", domin ita ta fi kusa.

A ganina, neman kalmar Hausa guda da za ta maye gurbinta a ko'ina ɓata lokaci ne. Da yawa kan rubuta "da laushi" su wuce, alhali laushi sau tari yabo ne: muna son tuwo mai laushi, muna son katifa mai laushi. Ita kuwa "limply" rashi take nunawa. Akwai ƙarfin da ya kamata a gani, sai aka tarar babu shi.

Saboda haka sai mai fassara ya fara tambayar kansa: mene ne ya saki, kuma me ya sa? In hannun wanda ya suma ne, ya saki yana reto. In matar da aka yi wa mummunan albishir ce, ta zube yaraf. Majinyaci yana kwance laƙwas, kan jariri mai barci ya langaɓe, ganyen alayyafon da ya wuni a rana ya yi yaushi. A lura, aikin da bayanau ɗaya ya yi a Turanci, aikatau da amsa-kama ne suka raba shi a Hausa. Ɗalibai na gudun amsa-kama a rubutu wai maganar kasuwa ce, ni kuwa ban yarda ba. Ƙamusun Bargery na 1934 cike yake da su. In kuma furuci ake siffantawa, kamar "he said limply", to "ya faɗa a sanyaye" ya wadatar.

Inda aikin ya fi wuya shi ne musafaha. A Ingila da Amurka, in aka ce mutum ya miƙa hannu "limply", suka ce: ana nufin ba shi da kuzari, ko bai damu da wanda yake gaisawa da shi ba. A wurinmu kuwa, yaron da ya kama hannun dattijo a hankali ladabi ya yi. Wanda ya fassara da "ya gaishe shi a hankali" ya mayar da zargi yabo. Gara ya ce "ya miƙo masa hannu kamar ba ya so".