Hawan Dutse da Keken Tsere: Fa'idodi da Illoli

A watan Yulin 2015 ɗan Eritiriya Daniel Teklehaimanot ya sa riga mai ɗigo-ɗigon ja a gasar Tour de France, rigar da ake ba wanda ya fi kowa maki a hawan duwatsu. Shi ne ɗan Afirka na farko da ya sa ta, kuma ta kwana huɗu a jikinsa. Saurayin garin Sukukutane da ke son keke yana da dalilin yin sha'awa.

Fa'idar a fili take. Gwanin hawa ba ya buƙatar ƙaton jiki. Siriri mai dogon numfashi ake nema, kuma irin wannan jiki bai yi ƙaranci a Arewa ba. Wanda ya dace yakan samu albashi da suna, ya buɗe wa na baya ƙofa. A 2024 Biniam Girmay, shi ma ɗan Eritiriya, ya ci zango uku a gasar Tour de France.

Sai dai Asmara, babban birnin Eritiriya, tana bisa tudu mai tsayin sama da mita 2,300, inda ƙarancin iska ke horar da jini tun ƙuruciya. Mu kuwa Dallol Mawri kwari ne mai rairayi. Duwatsun Dogon Dutsi, duk kwarjininsu, gajeru ne, kuma siririyar tayar tsere ba ta tafiya sai bisa kwalta. Dole yaro ya bar gida, watakila ya fara da Tour du Faso da ake yi a Burkina tun 1987, kafin a san da shi.

Abin da ya fi damuna shi ne jiki. Mahayi yakan takura cikinsa don kada ya ƙara ko kilo ɗaya, wasu har su faɗa wa ƙwayoyin ƙara kuzari. Gangara kuma ta fi hawa haɗari: a 2023 Gino Mäder ya faɗi yana saukowa daga dutse a gasar Suwizalan, ya rasu yana da shekara 26.

Sana'ar ba ta da tsawon rai. Teklehaimanot ya lashe kambun hawa na gasar Dauphiné a 2015 da 2016, amma ƙarshen 2017 ƙungiyarsa ba ta sabunta kwantiraginsa ba. Ƙungiyar Cofidis ta ɗauke shi shekara guda, daga nan manyan ƙungiyoyin Turai ba su sake nemansa ba, alhali shekararsa talatin kacal.