Kira ga Gwamnatin Kano kan Ƙauyukan da Birni Yake Haɗiyewa

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kano,
ta hannun Mai Girma Kwamishinan Ƙasa da Tsare-tsare.

Kwafi ga shugabannin ƙananan hukumomin Kumbotso, Ungogo, Dawakin Kudu, Dawakin Tofa, Tofa da Gezawa, da iyayenmu hakiman waɗannan yankuna.



Ranka ya daɗe, muna kawo kukanmu game da ƙauyukan da ke kewaye da birnin Kano, waɗanda a 'yan shekarun nan suka zama mazaunin masu hali. Muna nufin irin su Ɗangwauro da Gurjiya da Tamburawa a kan titin Zariya, da Ɗanbare da Rimin Gata da Janguza da Langel ta wajen titin Gwarzo, da Dawanau da Tumfafi a titin Katsina, da Mariri a titin Maiduguri, da Gunduwawa a titin Haɗeja. Baƙon da ya ratsa su zai ga dogayen katangu da benaye da farantan sola a kan rufi, ya ce lallai arziki ya sauka a karkara. Arzikin ya sauka, amma a cikin katanga ya tsaya. Ɗan asalin garin da aka haifa a nan, kakanninsa na kwance a maƙabartar garin, ya wayi gari ba ya iya sayen filin da zai yi ɗaki biyu ya ajiye iyali. Wannan shi ne abin da ya sa muka ɗauki alƙalami.

Ƙasar da ke zagaye da Kano ba ta taɓa zama daji marar mai shi ba. Masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin wannan yanki tun a shekarun 1960, ya nuna cewa yana cikin wuraren da manoma suka fi cunkushewa a Afirka ta Yamma, ana noma gona kowace damina ba a hutar da ita. A wancan lokaci jakuna ne ke fito da taki daga birni zuwa gonaki, su koma da itace da hatsi da kara. Birni da ƙauye suna ciyar da juna. A farkon shekarun 1970 Polly Hill ta zauna ta yi bincike a Ɗorayi a matsayin ƙauyen manoma, har ta lura da yadda gona ta riga ta yi wa jama'ar wurin kaɗan. Yau Ɗorayi unguwa ce a tsakiyar gari. Hukuma ta hango wannan bunƙasa da wuri, shi ya sa aka yi tsarin Trevallion na shekara 20, daga 1963 zuwa 1983, domin a shata wa birnin hanyar da zai bi. Wa'adin tsarin ya ƙare, birni bai tsaya ba. Abin da ya sami Ɗorayi da Rijiyar Zaki shi ne ke tunkarar ƙauyukan da muka lissafa, sai dai yanzu gudun ya ƙaru kuma kuɗin ya fi yawa.

Masu zuwa ba baƙin ido ba ne, kuma ba mu da ƙorafi a kan zuwansu. Akwai malaman Jami'ar Bayero da suka bi sabon mazauninta na titin Gwarzo. Akwai likitoci da manyan ma'aikata da 'yan kasuwar Kantin Kwari da Singa da Sabon Gari da cunkoson cikin ganuwa ya ishe su. Akwai 'yan'uwanmu na Borno da Yobe da rikicin Boko Haram ya taso, da na Zamfara da Katsina da suka guje wa 'yan bindiga, masu hali a cikinsu suka sayi fili suka gina. Akwai kuma mazauna Saudiyya da Turai da ke aiko da kuɗi a yi musu gini. Gwamnati ma ta ja mutane waje da kanta: rukunin gidajen Ɗanladi Nasidi a Mariri, da biranen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo da aka gina tsakanin 2011 da 2015, da kasuwar Ɗangwauro, da tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki da aka buɗe a 2023. Duk inda kwalta ta bi ko aka kafa babban aiki, farashin gonakin gefe sai ya tashi kafin a gama zuba harsashi. Kano ta saba karɓar baƙo, da haka ta zama Kano. Damuwarmu ita ce yadda cinikin ke gudana, da wanda yake barin baya.

Ga yadda abin ke faruwa. Magidanci ya rasu ya bar gona guda da magada goma sha. Rabon kowa bai kai ya noma ya ci shekara ba, ga hidimar aure ga bashin taki. Dillali ya riga ya san da rasuwar tun kafin a yi sadakar bakwai. Sai ya kawo mai kuɗi ya saye gonar ɗungurungum, a kawo igiya a yanka ta fuloti-fuloti, ƙafa 50 da 50 ko ƙasa da haka, a sa mai unguwa da shaidu su sa hannu a takardar ciniki. Wannan shi ne awon igiya. Tun da kowane taku kuɗi ne, mai yanka ba ya barin titi sai ɗan lungun da motoci biyu ba sa iya wuce juna, ba ya barin magudanar ruwa, ba ya barin filin makaranta ko asibiti ko maƙabarta. Kududdufin da ke shanye ruwan damina a cike shi da shara a sayar. Burtalin da shanu ke bi zuwa mashaya a toshe shi da bulo.

Da yawan masu sayen ma ba gini za su yi ba. Tun da aka cire tallafin man fetur aka kuma saki darajar naira a 2023, har buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024, duk mai 'yan kuɗi a hannu ya gane cewa ajiye su a banki asara ce, fili kuwa ba ya ruɓewa. Shi ya sa za ka tarar da kadada bayan kadada an zagaye da katanga an sa ƙyaure an kulle, ciyawa ta cika ciki, ba noma ba zama. Filin yakan sauya hannu sau uku ko huɗu ba a aza bulo ɗaya ba, kowane sauyi da ƙarin farashi. Manomin da ya sayar da farko shi ne ya fi kowa samun kaɗan. Ya je Hajji, ya aurar da 'ya, ya sayi adaidaita sahu, shekara biyu kuɗin sun ƙare, gonar kuwa ta tafi ke nan har abada.

Sakamakon haka garin ya rabu gida biyu. Sababbin mazauna da sassafe suke fita, su kai yara makarantun kuɗi a cikin gari, su wuce ofis ko kasuwa, sai magariba su dawo. Cefanensu a birni, asibitinsu a birni, da yawa ma katin zaɓensu na tsohuwar unguwarsu ne. Kowane gida da rijiyar burtsatsensa da solarsa da maigadinsa, don haka lalacewar famfon gari ko rufin firamare ba ya taɓa su kai tsaye. 'Yan gari kuwa, da gona ta fita daga hannunsu, su ne leburori da masu gadi da 'yan garuwa a kan ƙasar iyayensu. Rijiyoyin gargajiya na ƙafewa da wuri domin burtsatse ya fi su zurfi. Samari na jinkirta aure saboda babu inda za a ƙara ɗaki a gidan gado, babu kuma kuɗin fili. Wanda ya matsu sai ya tattara ya ƙara gaba zuwa ƙauyen da kwalta ba ta kai ba tukuna, ya bar tsofaffinsa. A haka ake rasa zumunci, ake rasa masu sanin iyakar gonar wane da ta wane, rigingimun fili kuma su cika kotuna.

Akwai kuma matsalar lissafi. Ƙidayar ƙarshe da aka yi a Najeriya ita ce ta 2006, wadda ta ba Jihar Kano mutum miliyan 9.4, ta ba Kumbotso kusan dubu 300. Wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Da waɗancan alƙaluma ake hasashen ajujuwa da gadajen asibiti da bututun ruwa, alhali mazaɓun da a lokacin gonakin gero ne yanzu unguwanni ne cike da mutane. Har ila yau ƙananan hukumomi 8 ake kira cikin birni, amma birnin ya daɗe da tsallakawa Tofa da Dawakin Tofa da Dawakin Kudu da Gezawa. Abin takaici ne a ce mutumin da ke kallon matatar ruwa ta Tamburawa ko ta Challawa daga ƙofar gidansa yana sayen ruwan jarka.

Ranka ya daɗe, doka ta riga ta ba ka ikon gyara. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa dukan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana domin amfanin jama'a. Ita ce ta ba shi ikon ayyana inda ake kira birni, ta kuma bar wa ƙaramar hukuma bayar da haƙƙin mallaka na gargajiya a karkara. Tsakanin waɗannan iko biyu ne awon igiya ya sami gindin zama. A kan haka muke roƙon abubuwa kamar haka.

Na farko, a sa hukumar tsara birane ta KNUPDA da hukumar taswirar filaye ta KANGIS su fitar da taswirar kowane ɗayan waɗannan ƙauyuka tun sauran gonakin ba su ƙare ba, a shata tituna da magudanai da filin makaranta da asibiti da kasuwa da maƙabarta da filin Idi, a kafa duwatsun shaida, a liƙa taswirar a ƙofar gidan dagaci kowa ya gani. Tun ran gini ran zane. Rusa gidan da mutum ya riga ya tare a ciki ya fi wannan tsada da ɗaci ga kowa.

Na biyu, hana awon igiya da baki kawai bai taɓa hana shi ba, domin shi ne hanyar da talaka ke iya samun fili. A sauƙaƙa hanyar halal: mai gonar da ke son yankawa ya kai buƙatarsa ofishi guda a ƙaramar hukumarsa, a turo masa ma'auni na gwamnati a kan kuɗi sananne cikin wa'adi sananne, da sharaɗin ya bar hanya da kason amfanin jama'a. Wanda ya bi wannan ya sami takardar shaidar mallaka ba tare da yawon ofis-ofis ba.

Na uku, duk lokacin da gwamnati ta karɓi gonaki domin sabon tsari, a ware wa masu gonakin da 'ya'yansu kason fulotai a cikin tsarin, da sunayensu a rubuce, a kuma sa wa'adin da ba za a sayar da su ba domin kada dillalai su saye takardun tun a ranar rabo. Diyyar da dokar 1978 ta tanada ta abin da ke kan ƙasa ce, wato gini da shuka da itatuwa, kuma kowa ya san kuɗin ɗorawa da mangwaro ba ya sayen ko kusurwar fuloti. Dokar ta kuma ce manomin da aka karɓe wa gonar gargajiya a ba shi wata a madadinta. Muna roƙon a raya wannan sashe.

Na huɗu, a ɗora haraji mai ma'ana a kan manyan filayen da aka katange aka bari shekara da shekaru, a kuma kashe abin da aka tara a cikin mazaɓar da aka karɓe shi. Mai filin da ya ba manomi aron wurin ya noma kafin ya tashi gini, a sassauta masa.

Na biyar, a keɓe fadamu da gaɓar kogin Challawa da na Kano da sauran wuraren noman rani, a haramta yanka su. Daga nan latas da tumatir da albasa ke shiga kasuwar 'Yan Kaba da sauran kasuwanni. A kuma tsare kududdufai da burtalolin da suka rage.

Na shida, kada a jira ƙidayar tarayya. Hukumar ƙididdiga ta jiha, tare da masu unguwanni, za ta iya ƙirga gidaje da yaran da suka isa shiga makaranta a waɗannan mazaɓu, domin kasafin kuɗi ya bi mutane inda suke kwana.

Ga iyayenmu hakimai da dagatai kuma, muna roƙon kowane ciniki ya shiga kundi guda da za a iya dubawa, domin a daina sayar da fili ɗaya ga mutum biyu. A riƙa tabbatar da cewa mata da marayu sun san da cinikin gonar gado kuma sun karɓi rabonsu, a kuma tuna wa magada haƙƙin shufu'a da fikihunmu na Malikiyya ya ba abokin tarayya, wato ya fi kowa cancantar sayen kason ɗan'uwansa kafin a kai wa na waje. Su ma sababbin maƙwabtanmu muna gayyatarsu su shigo kwamitin makaranta da na masallaci da na tsaro, su mayar da katin zaɓensu inda suke zaune, domin muryarsu na isa inda tamu ba ta kaiwa.

Ranka ya daɗe, ba mu neman a tsayar da birni, ba mu kuma neman a hana mai gona sayar da abinsa. Muna neman hukuma ta riga dillali isa gona, ta yadda mai zuwa zai sami unguwa mai titi da ruwa, ɗan gari kuma ya sami wurin zama kusa da iyayensa. A shirye muke mu zauna da duk wakilin da za a turo, mu zaga da shi ya gani da idonsa.

Allah Ya taimaki Mai Girma Gwamna, Ya ba shi mashawarta nagari, Ya zaunar da Jihar Kano da ƙasa baki ɗaya lafiya. Amin.

Wassalam.

Naku masu biyayya,
wasu daga cikin 'ya'yan ƙauyukan gefen Kano.