Sankarar Ɓargo da Sankarar Kaluluwa: Bambancin da Ya Kamata a Sani Kafin a Iso Gyadi-Gyadi

Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, kuma yake a Gyadi-Gyadi cikin Ƙaramar Hukumar Tarauni, yana karɓar masu fama da wasu cututtuka biyu da jama'a kan haɗa su da suna ɗaya, wato sankarar jini. A wajen likitoci kuwa kowacce da sunanta: lukimiya da limfoma.

Lukimiya daga cikin ɓargo take farawa, inda jiki ke samar da jini. Gurɓatattun fararen ƙwayoyin jini kan yawaita har su danne masu lafiya. Sai a ga yaro ya ɗashe, ga kasala, ga zazzaɓi mai dawowa, ga haɓo ko zubar jini daga dasashi. A ƙauyukanmu akan ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko sikila, a yi ta ƙarin jini ba a binciki dalili ba. Gwajin jini da na ɓargo ne ke tabbatar da ita.

Limfoma kuwa yawanci kumburi take fara nunawa, a wuya ko hammata ko matsematsi, galibi ba zafi. Nan ne muka fi yin asara, domin kaluluwar da ba ta ciwo ba ta tayar da hankalin kowa. Wasu su kai wa wanzami ya yi sakiya, wasu a ɗora su a kan maganin tarin fuka wata da watanni. Akwai nau'in da Dakta Denis Burkitt ya bayyana a Uganda a 1958, mai kumbura muƙamuƙi ko cikin yara, wanda ya fi yawa a yankunan da zazzaɓin sauro ya yi katutu. Yana girma cikin 'yan makonni, amma yana daga cikin masu jin magani sosai idan an fara da wuri. Ita limfoma sai an ɗebi tsokar kumburin an duba a ɗakin gwaji ake gane ta.

Saboda haka muna kira ga dagatai, masu unguwanni da jami'an lafiya matakin farko a ƙananan hukumomi 44 na jihar nan, da su riƙa tura duk mai kumburin da ya ɗauki makonni bai saɓe ba, ko yaron da ake yawan ƙara wa jini alhali ba sikila ba ne, zuwa babban asibiti tare da takardar turawa, kafin a sa masa aska.