Ɗan kasuwa da karatun jami'a: ta wace ƙofa za a shiga?

A kasuwanninmu na iyaka, daga Ƙonni da Illela har Ɗan Isa da Jibiya, akwai ƴan kasuwa da yawa da suka bar lakwal tun suna kwaleji don su riƙe rumfar gidansu. Yau sun manyanta, amma takardar duwan ko ta banki sai sun biya wani ya duba masu. Rufe iyakar da Najeriya ta yi daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, sun sa wasu cikinmu sun fara tunanin neman takardar ilimi da za su dogara da ita ranar da kasuwa ta tsaya.

A nan Nijar ƙofar da kowa ya sani ita ce bak. Wanda ya bar makaranta yana iya rubuta sunansa a matsayin kandida libir, ya yi karatun dare, ya zauna jarrabawa tare da ƴan makaranta. Tun 2010 da aka kafa jami'o'in Maraɗi, Damagaram da Tawa, ba dole ne sai an je Yamai ba. Sai dai galibin darussan da rana ake yin su, daidai lokacin da kasuwa ke ci. Mai shago ba zai rufe ƙofa shekara uku don lisansi ba.

A Najeriya akwai jami'ar karatu daga gida, wato NOUN. An kafa ta a 1983 zamanin Shagari, sojoji suka dakatar da ita a 1984, sannan gwamnatin Obasanjo ta farfaɗo da ita, har shi kansa ya yi digirin dakta a cikinta bayan ya sauka daga mulki. Littattafanta na kan intanet, ana sauke su a waya, ana yin aikin gida daga shago, sai lokacin jarrabawa a je cibiyar Katsina, Sakkwato ko Kano. Abin da ake nema shi ne kiredit biyar a WAEC ko NECO, har da Turanci, kuma su ma ana iya zana su a matsayin ɗan waje. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ma tana da cibiyar karatu daga nesa, da fannin harkokin kasuwanci a ciki. Ga wanda ya yi lakwal da Faransanci, Turancin ne babban tudu, kada wani ya ce maku abu ne mai sauƙi.

Abin da ya fi damunmu shi ne dillalan digiri. A Disamba 2023 ɗan jarida Umar Audu ya bayyana yadda ya sayi digiri a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya shiga aji ba. A Janairu 2024 Najeriya ta dakatar da tantance takardun jami'o'in Benin da Togo, daga baya ministan ilimi na lokacin Tahir Mamman ya ce sama da mutum 22,000 ne ke riƙe da na bogi. Irinmu ne dillalan ke nema: mai kuɗi a aljihu, marar lokaci, wanda ya saba da hanyar Kwatano.

Saboda haka, kafin ku ba kowa ko dala, ku je ma'aikatar ilimi mai zurfi ku tambaya ko gwamnati ta amince da makarantar, kuma ko takardarta za ta samu ekibalans a ƙasar da kuke son aiki da ita. A wajenmu ku tambayi matsayinta a CAMES, a Najeriya ku duba jerin hukumar NUC. Mu kuma muna kira ga shugabannin jami'o'in Maraɗi da Tawa su zauna da ƙungiyoyin ƴan kasuwa a tsara darussan bayan sallar isha da na ranakun da kasuwa ba ta ci.