Ra'ayinmu: Iskar Hunturu Ma Darasi Ce

Duk shekara, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu kan kaɗa ta tagogin azuzuwanmu, daga Ajingi har Toranke da Balare da Gafasa, ba ma samun komai daga gare ta sai ƙura da mura. A cikin azuzuwan nan muke rubuta wa yara a allo cewa ana samun lantarki daga iska, su haddace, su rubuta a jarrabawa, sannan su koma gida su yi bita da tocila. Wannan darasi ya daɗe a kan allo, lokaci ya yi da za mu fito da shi farfajiyar makaranta.

A shekarar 2002, wani yaro ɗan shekara 14 a ƙauyen Wimbe na ƙasar Malawi, William Kamkwamba, wanda yunwa da rashin kuɗin makaranta suka raba da aji, ya ga hoton injin iska a wani littafi da ya aro daga ƙaramin laburare. Da sassan tsohon keke da bututun roba da itacen turare ya haɗa nasa, ya haska gidan iyayensa. A Scoraig ta ƙasar Sikotlan kuwa, Hugh Piggott ya shafe shekaru yana koya wa mutane sassaƙa farfelar injin iska da katako, an kuma yi aiki da tsarinsa a ƙasashe da dama. Mu da tarihin baka ya ce maƙeran Gaya ne suka je Dala neman tama, ba za a ce aikin hannu baƙonmu ne ba. Wanda ya iya sassaƙa turmi da ƙotar fartanya, in an ba shi awo, zai iya sassaƙa fiffike.

Awon nan shi ne darasin. Fukafukai uku ake yi daga busasshen katako marar gaɓa, kowane mai kauri a gindi, siriri a baki, da ɗan murɗi, domin bakin kan yi gudun da ya ninka na iskar kusan sau shida. Dole ne nauyinsu ya zo daidai, in ba haka ba jijjiga za ta wargaza injin. A shafa musu fenti saboda ruwa da gara, a kuma yi wutsiyar da za ta kawar da farfelar gefe idan hadarin bazara ya taso. In an ninka tsawon fiffike, ƙarfin zai ninku sau huɗu. In gudun iska ya ninku, ƙarfin zai ninku sau takwas. Shi ya sa ake kafa injin can sama da bishiyoyi. Ga lissafi, ga kimiyya, ga sana'a, duk a jikin katako guda.

Kada mu ruɗi kanmu. Farfela mai faɗin mita 2, a iska mai gudun mita 5 cikin sakan ɗaya, abin da za ta bayar bai wuce kimanin wat 70 ba, wato cajin batir da 'yan ƙwayaye. Ba za ta yi gogayya da tashar Lambar Rimi ta Katsina mai megawat 10 ba. Wasu 'yan'uwa za su ce sola ta fi sauƙi da tabbas, kuma gaskiya suka faɗa. Sai dai faifan sola a rufe ake sayo shi, in ya lalace sai a jira mai gyara. Farfela kuwa a gaban yaro ake auna ta, a sassaƙe ta, a gyara kuskurenta. Gani ya kori ji.

Saboda haka muna kira ga shugabannin makarantu da su zaɓi malami ɗaya a kowace mazaɓa daga cikin goma da muke da su, ya fara da ƙaramin samfuri na karan dawa da kwali, irin wanda yaranmu suka saba ƙera motoci da shi. Kwamitocin kula da makarantu su gayyato kafinta ko masassaƙin gari, a yi amfani da ragowar katako, kada a sare bishiya ko ɗaya. Hawa sama da haɗa waya aikin manya ne, ba na ɗalibai ba. Reshenmu kuma ya nemi shawarar masana a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote da ke Wudil, wadda ba ta da nisa da mu.

A shekarar 2024 gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Za mu ci gaba da neman haƙƙoƙinmu, da kayan aiki, da azuzuwan da suka dace. Amma da ruwan ciki akan ja na rijiya, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kafin hunturu mai zuwa ya wuce, muna fatan ganin farfela ko da guda ɗaya tana juyawa a wata makarantar Ajingi, yara na nuna ta suna cewa da hannunsu aka yi. Allah Ya yi mana jagora.