Sensar akwatin wasiƙa: ku daina tallata wa mutane abin da ba na garinsu ba

Yau ba darasi na kawo ba, faɗa na zo yi. Wanda abin ya taɓa ya yi haƙuri.

Makon jiya wani Alhaji daga Hotoro ya shigo shagona da ɗan kwali a hannu. Na zaci waya ce ya kawo gyara. Ashe sensa ce ya yi oda, wadda ake maƙalawa a akwatin wasiƙa, da an buɗe akwatin sai wayarka ta sanar da kai. A bidiyon wani mai koyar da fasaha da Hausa ya gani, ya biya kuɗin da zai ishi mutum canza sikirin mai kyau. Na ce, "Alhaji, ina akwatin yake?" Ya yi shiru. Na ce, "Yaushe rabon da a kawo maka wasiƙa ƙofar gida?" Sai ya kama dariya, ya ce shi bai ma tuna ba.

Ban ga laifinsa ba. Da masu ɗauko bidiyon Turawa su juye shi da Hausa nake, ba tare da sun leƙa unguwarsu ba. A Amurka gidaje da yawa akwatinsu na bakin titi a kan sanda, nesa da ƙofa, ma'aikacin gidan waya yana bi kusan kullum. Ga sanyi, ga ƙanƙara. Mutum ba ya son ya fita ya tarar babu komai, shi ya sa kamfani irin Ring ya yi musu sensar. Tun 2017 ma gidan wayarsu yake turo wa mutum hoton ambulan ta imel kafin ta iso. Matsalarsu ce, sun yi mata magani.

Mu fa? Mai karɓar wasiƙa a Kano yawanci akwati yake haya a gidan waya, ya je da mukullinsa. Sauran saƙo kuwa kowa ya san hanyarsa. Mu masu gyara, kayan da muka yi oda daga Computer Village na Ikeja a mota suke zuwa, a kira ka ka je tasha a Sabon Gari. A cikin gari ɗan sahu ne ko yaron shago zai tsaya a ƙofa ya yi ta kiranka: "Ga ni a get." Daga Gyaɗi-Gyaɗi har Tarauni sanarwar saƙonmu ke nan, kuma ba ta cin batir.

Wani zai ce, to ai ci gaba ne, a ƙera akwatin mana a saka. Na ji. Mu ce ka kai wa mai walda ya yi maka na ƙarfe, don na katako ba zai kai damina biyu ba. Ka rufe sensa mai wifi a cikin ƙarfe, ka kashe mata sigina da hannunka. Ka fito da ita waje, tana buƙatar wifi na gida ya kai get, kuma yawancinsu 2.4GHz kaɗai suke kamawa. Sannan a ɗauke wuta. Ita sensar tana raye da batirinta, amma rawuta ta mutu, to ta ina saƙon zai bi? Irin masu aiki da manhajar Tuya ko Smart Life sai sanarwar ta je sabar kamfani ta intanet kafin ta dawo wayarka, ko da kana zaune a tsakar gida. Data ta ƙare, shi ke nan. Masu Zigbee kuma sai ka ƙara sayen wata na'urar da za ta haɗa su, ita ma wuta take so. Duk wannan mai bidiyon bai faɗa ba, don shi ma bai gwada ba. Wallahi da ya gwada da ya faɗa.

Masu gane motsi ma akwai magana. Bambancin zafin jiki da na wuri suke ji. A watan Afrilu, Kano ta haura digiri 40, katanga ta gasu, mutum zai iya wucewa ba ta ankara ba. Da daddare kuma mage ta gifta ta tashe ka.

Kada a ce na ƙi fasahar. Ita kanta abu ne mai sauƙi mai kyau: maganaɗisu a jikin ƙyaure, ɗan makunni a jikin firam, da sun rabu ta san an buɗe. Inda take da amfani a wurinmu shi ne ƙofar shago, sito, ɗakin inbata da batira, kejin kaji. Wurin da in an buɗe ƙarfe 2 na dare kana son ka sani a lokacin, ba da safe ba. Kuma a nemi wadda take ɗaukar layin waya ta turo tes ko ta kira ka kai tsaye. Mai hannu zai iya haɗawa da ESP32 da SIM800L da batir 18650. Ku kula, SIM800L 2G kawai yake yi, yana son wajen bolt 4, kuma lokacin tura saƙo yakan ja har amfiya 2, don haka batirin da ya gaji zai riƙa kashe shi. A tabbata layin yana haɗe da NIN, a riƙa saka masa kati, kar a bari ya mutu ba ka sani ba. A leƙa Farm Centre a tambayi masu harkar, kafin a tura kuɗi waje.

Shi dai Alhaji na tambaye shi ko yana da sola mai riƙe rawuta dare da rana, ya ce yana da ita. Sai muka je Hotoro bayan la'asar, na maƙala masa sensar a ƙofar sitonsa na abinci, wanda yake kusa da falo. Muka buɗe sau uku, sau uku ta sanar. Shekaranjiya ya kira ni wai tun da aka saka ta, yaran gidan sun daina shiga ɗibar sukari.